Tsohon Jirgi, Sabon Fenti

A jikin jirgin ruwa babu abin da ya kai fenti arha, kuma babu abin da ya kai shi ɗauke hankalin mai saye. Da galan biyu da aikin yini guda, kwale-kwalen da ya sha shekara da shekaru yana fito tsakanin Yawuri da ƙauyukan tsallake zai koma shar da shi, a rangaɗa masa sabon suna a ƙirji, a kafa shi a gaɓa yana jiran mai rabo. Wanda ya zo da kuɗi a aljihu yakan zaga shi, ya ƙwanƙwasa gefe, ya sa a tayar da inji ya ji kukansa, sai a shiga ciniki. Tambayoyin da suka fi nauyi, wato wa ya ƙera shi, yaushe, hannu nawa ya bi, ya taɓa nutsewa ko cin karo, akwai bashi a kansa, injin nan daga ina ya fito, galibi ba a yin su, ko kuwa a yi su a fizge a karɓi duk amsar da aka bayar. A ganina wannan sakaci ya wuce asarar aljihun mutum ɗaya. A ruwayenmu, inda jami'an dubawa ba su da yawa, mashigai kuwa ba su ƙirguwa, ranar ciniki ce kusan rana ɗaya tilo da wani zai tsaya ya binciki jirgi da gaske, domin a ranar ce ake samun mutumin da yake da ikon cewa a'a, kuma yake da dalilin kansa na faɗinta.

Duk mai sauraron labarai ya san abin da ruwa yake ci. A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai je Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum sama da 150, 'yan kaɗan ne suka tsira. Jami'an hukumar hanyoyin ruwa sun ce jirgin tsoho ne, ya yi rauni, sannan an labta masa kaya fiye da ƙima. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu. A watan Yunin 2023 kuma, a yankin Patigi na Jihar Kwara, sama da mutum 100 da ke dawowa daga biki cikin dare suka halaka bayan jirginsu ya daki itace a ruwa ya dare.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, ai abin da ya haɗa waɗannan musibu lodi ne da tafiyar dare da rashin rigar kariya, ina ruwan tarihin jirgi a ciki? Amsar ita ce lodi da tsufa ba kishiyoyin juna ba ne, tare suke aiki. Nauyin da jirgi zai iya ɗauka ba adadi ba ne da aka yanka masa tun ranar ƙira ya zauna a haka. Yana raguwa duk shekara gwargwadon yadda ƙusa ke tsatsa, katako ke laushi. Matuƙin da ya sayi jirgi aka ce masa mai shi na da yana zuba masa buhu kaza da babur kaza, zai ci gaba da zuba masa hakan, bai san jikin da ya ɗauki wannan kaya shekara biyar baya ba shi ne a gabansa yau ba. Haka batun karo. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da dazuzzukan kewaye, kututturan itatuwan suna nan a ƙarƙashi, kuma matuƙa sun san da su. Jirgi mai ƙwari in ya hau kututture yakan fasa katako ɗaya, a yi ta kwarfar ruwa har a samu gaɓa. Wanda haƙarƙarinsa suka ruɓe kuwa buɗewa yake yi gaba ɗaya, ba ya ba kowa damar ko cire takalmi.

To ta yaya ake karanta shekarun katako? Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ba zama cikin ruwa ne ke kashe itace ba, jiƙa da bushewa ne, yau ruwa gobe iska. Kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙasar Yobe ta yau, an sassaƙa shi ne daga maɗaci kimanin shekara 8,000 da suka wuce, ya kuma kai zamaninmu domin yana binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa inda iska ba ta kai gare shi. Jirgin fito kuwa ruɓewarsa tana farawa ne daidai layin da ruwa ke tsayawa a gefensa, da cikin ƙasansa inda ruwan sama ke kwana, da bangon baya inda ake maƙala inji. Saboda haka dubawa a kan ruwa ba dubawa ba ce. Sai an ja shi tudu, an karkata shi, an ɗaga katakon shimfiɗa, an bi mahaɗar haƙarƙari da tsinin wuƙa ko sukundireba. Lafiyayyen katako yana turjewa. In tsinin ya shige ba gardama, ko ɓawon ya taso a jiƙe, an gama magana. A dubi kan ƙusoshi: baƙin da'ira kewaye da ƙusa alama ce tsatsa ta ci ta har ta ɓata itacen da ke riƙe da ita. Facin langa-langa da aka shafe da kwalta, ko sabon katako guda tsakanin tsofaffi, ba laifi ba ne a kansa, kowane jirgi yana shan gyara, amma kowane faci yana da labari, kuma mai sayarwa ya san shi. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo: a mayar da jirgin ruwa da yamma, a kwarfe shi tas, a dawo da asuba kafin yaran mai shi su riga ka, a ga ruwan da ya tara.

Babbar hujjar masu cewa wannan bincike na masu jirgin shaƙatawa ne a Legas ita ce kwale-kwalen katako ba shi da lamba, ba shi da takarda, kafinta ne ya haɗa shi a bakin kogi ya karɓi kuɗinsa, to a ina za a nemo tarihinsa? Gaskiya ne ba a rubuce yake ba, amma rashin rubutu daban, rashin tarihi daban. A kara, wanda zai sayi sa ba ya neman takardar haihuwarsa. Dillali yake nema wanda ya san mai dabbar da rugar da ta fito, wanda za a kama in ta zama ta sata. Mashigi ma haka yake. Akwai Sarkin Jirgi ko Sarkin Ruwa, akwai shugabannin ƙungiyar matuƙa masu tsara layi, akwai kafintan da ke toshe yoyo, da makaniken da injinan wurin duka suka bi ta hannunsa, da yaran da ke dakon kaya. Jirgi ba ya nutsewa a ɓoye. In ya taɓa kifewa, mutum ashirin ne suka taru suka jawo shi, kuma suna nan da ransu. Abin da ake buƙata kawai mai saye ya je mashigin da jirgin ya yi aiki, ba inda aka kai shi talla ba, ya yi tambaya ba a gaban mai sayarwa ba. Masu ƙira ma sun san hannun juna. Tsohon kafinta yana kallon yadda aka lanƙwasa ƙirji zai gaya maka garin da aka yi shi. Shi ya sa jirgin da aka kawo daga nesa, babu wanda ya san shi, mai shi kuma yana gaggawa, shi ne ya fi cancantar a ja da baya, komai kyan farashi.

Inji shi ne inda kuɗin yake, sau da yawa ya fi gangar jirgin tsada, kuma shi ne abin da ɓarawo ya fi so, domin mutum biyu za su kwance shi su ɗauka cikin 'yan mintoci. Sa'ar da aka yi, shi yana da lamba. A injinan Yamaha, irin su Enduro mai ƙarfin doki 40 ko 75 da suka cika kogunanmu, ana samun lambar a wata 'yar alama da ke manne a gefen hagu na ƙarfen da ke damƙe inji da jirgi. Wannan lamba ce za a gwama da ta jikin rasit. In an kankare ta, ko an ɓamɓare alamar, ko an shafe wurin da fenti mai kauri, kada a saurari bayani. Lamba ba ta gogewa da kanta ta bar sauran jiki lafiya. Bayan lamba sai lafiya. A taɓa injin da hannu kafin a tayar, domin mai wayo yakan ɗumama shi tun kafin ka iso don ya tashi da ja ɗaya. A duba ruwan sanyaya da yake tsartowa ta baya, ya fito da ƙarfi ba da ɗigo ba. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa kusa da farfela: in man ya fito fari-fari, ruwa na shiga. A sa makanike ya auna matsin kowace silinda, su zo kusa da juna. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, wajen Legas ko Warri ko Fatakwal, yakan zo da ɓarnar da ba a gani daga waje, gishiri ya cinye hanyoyin ruwansa ta ciki. Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi: a wuraren da ake fama da matsalar tsaro, kamar Tafkin Chadi da kewayen Shiroro, jami'ai suna sa ido a kan jirage da injina, kuma wanda aka samu da injin da ba zai iya faɗin asalinsa ba, tambayoyin da zai amsa ba na ciniki ba ne.

Yanzu da Ma'aikatar Harkokin Teku, wadda aka kafa a 2023, take ta kiran a daina fito da jiragen katako a koma na faiba da alminiyam, kasuwar faiba na hannu za ta ƙara buɗewa, kuma mutanenmu ba su saba da aibinsa ba kamar yadda suka saba da na katako. Ana ɗauka faiba ba ya ruɓewa. Fatar ce ba ta ruɓewa. Bangon baya da daɓen jirage da yawa falanki ne aka lulluɓe da faiba, in ruwa ya samu ƙofa ta ramin ƙusa sai ya cinye shi ta ciki, waje yana ƙyalli. A bi jikin da ƙaramar guduma a hankali: wuri mai lafiya yana amsawa da kaifin sauti, wanda ya sha ruwa yana amsawa a dushe. A ɗaga ƙafar inji a danna ta da ƙarfi ana kallon bangon baya. In yana motsi, gyaran da ke gaba babba ne. In jirgin ɗan waje ne, yana da lambar jiki. Tun daga Nuwamban 1972 dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙira su buga lamba mai harafi da alƙalami 12 a saman bangon baya ta hannun dama: ukun farko na kamfani, biyar na tsakiya na jirgin kansa, huɗun ƙarshe kuma suna nuna lokacin ƙira. A jiragen da aka yi daga 1984 akwai kwafinta a wani ɓoyayyen wuri a ciki, kuma ya kamata biyun su dace. Na Turai suna ƙara harafi biyu na ƙasa a gaba. Amfanin lambar shi ne da ita ake bincika ko an taɓa ba da rahoton sata ko kamfanin inshora ya yanke wa jirgin hukuncin mutuwa. Guguwar Sandy kaɗai, a 2012, an ƙiyasta ta lalata jiragen shaƙatawa sama da 65,000 a Amurka, kuma irin waɗannan a gwanjo ake sayar da su ga duk wanda ya taya. A nemi takardun kwastan ma, don jirgin da ya shigo ba diyuti, a hannun wanda aka gan shi ake kama shi.

Sai batun rajista. Hukumar da ke da alhakin jiragen koguna da tafkuna ita ce NIWA, wadda aka kafa da Doka mai lamba 13 ta 1997, hedikwatarta a Lokoja, da ofisoshin shiyya a garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri. Ita ke yi wa jirage rajista, ta duba lafiyarsu, ta ba da izinin aiki, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Gwamnatin Tarayya ikon hanyoyin ruwan cikin gida a shari'ar da aka daɗe ana yi da Jihar Legas. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun zo da tilasta rigar kariya da hana lodi da tafiyar dare. Na san abin da matuƙa ke faɗi: rajista hanyar karɓar kuɗi ce, takarda ba ta toshe yoyo, kuma ta jabu ba ta da wuyar samu. Biyu daga cikin ukun nan gaskiya ne. Takarda ba ta ce jirgi lafiyayye ne yau ba, iyakarta ta ce wane ne mai shi a ranar da aka rubuta, girmansa kaza, mutum kaza aka yarda ya ɗauka. Kuma takardar da mai sayarwa ya zaro daga aljihu ba hujja ba ce sai ofishin da ya ba da ita ya amsa cewa tasa ce. Amma wannan dalili ne na zuwa ofishin tare da mai sayarwa, ba dalilin watsar da batun ba. A ɗauki awo a auna tsawon jirgin da faɗinsa, a gwama da abin da ke rubuce, domin tsohuwar dabara ce a ɗauki takardar jirgin da ya mutu a jingina ta ga wani. In kuwa ba a taɓa yi masa rajista ba, wanda shi ne halin akasarin kwale-kwale, sai a sa hakan cikin ciniki: kuɗin dubawa da na rajista su fita daga farashi, a kuma jira sakamakon dubawar kafin a cika kuɗi.

Masu sayen manyan jiragen ƙarfe na dakon yashi ko siminti ko kwantena, nasu lissafin ya fi tsauri. Rajistar irin waɗannan jiragen ruwa tana hannun hukumar NIMASA ƙarƙashin dokar jiragen kasuwanci ta 2007, a can ake rubuta jinginar banki, kuma manyan jiragen teku suna da lambar IMO mai alƙalami bakwai da ba ta canjawa ko an sauya suna da tuta da mai shi. A dokar teku wasu basussuka, kamar albashin ma'aikatan jirgi da diyyar karo da ladan ceto, jirgin suke bi ba mai shi ba, har Babbar Kotun Tarayya tana iya tsare shi a hannun wanda ya saya jiya. Nan ba wurin tsumulmular kuɗin lauya da na ƙwararren mai dubawa ba ne.

Ƙaramin jirgi ma yana da nasa rikicin mallaka, kuma ya fi sata yawa. Sau tari gangar ta wani ce, injin na wani, matuƙin da ke tallarsa kuwa ɗan kamasho ne kawai. Wani jirgin na gado ne da ba a raba ba, babban wa ya ga dama ya sa a kasuwa, marayu da mata ba su sani ba. Wani masuncin ɗan kasuwar kifi ne ya ba shi kuɗin jirgi da koma bisa sharaɗin ya riƙa biya da kamu, bashin bai ƙare ba. Wani kuma gwamnati ko ƙungiyar agaji ce ta ba al'ummar gari, ya maƙale a hannun mutum ɗaya. A duk waɗannan, dokar boko da fiƙihun Malikiyya sun haɗu a wuri guda: mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, in mai haƙƙi ya bayyana da hujja zai karɓi kayansa, mai saye ya bi wanda ya karɓi kuɗinsa, in ya gan shi. Malamai suna kiran wannan babi istihƙaƙi, kuma alƙalanmu sun san shi sarai. Wanda kuwa ya sayi abu alhali da alamun da za su sa mai hankali ya yi zargin na sata ne, dokar laifuka ta Final Kod ba ta ɗauke shi a matsayin wanda aka cuta ba, mai karɓar kayan sata take kiransa.

Akwai wata hujjar da ba a faɗinta da baki amma ita ta fi hana bincike: kunya. Mai sayarwa dattijo ne, ko abokin mahaifi, ko ɗan gari, ta yaya za ka ce masa Baba a kifa jirgin nan in soka masa wuƙa, a kira shaidu, a rubuta? Sai ka ce ka mai da shi maƙaryaci. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take, kuma ba don fasiƙai kaɗai aka saukar da ita ba. Shari'a ta ɗora wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ta ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Rubutu shi ke sa wannan dama ta yi aiki ranar da aka je gaban alƙali. Takardar ba sai ta yi tsawo ba, da boko ko da ajami: sunayen masu ciniki, tsawo da faɗin jirgi, irin katako ko lambar jiki, lambar inji, farashi, furucin mai sayarwa cewa nasa ne shi kaɗai kuma babu bashi a kansa, duk karo ko nutsewar da ya sani, da hannun Sarkin Jirgi da shaidu biyu. A ɗauki hoton lambobin da waya. A ba da kafin alƙalami kaɗan, a fita da jirgin da irin nauyin da zai riƙa ɗauka, a tura shi gaba da ƙarfin ruwa, sauran kuɗi kuma sai an sauya suna a ofis. Dattijon kirki ba ya jin haushin wannan, domin shi ma takardar tana kare shi ranar da wani abu ya faru aka fara neman mai jirgi.

Za a iya cewa in kai ka ƙi, wani zai saya, jirgin ya koma ruwa duk da haka. Yana faruwa. Amma mashigi ƙaramin wuri ne, magana ba ta kwana. Jirgin da aka ja tudu a gaban jama'a wuƙa ta nutse a haƙarƙarinsa, mai saye na biyu zai ji labari kafin ya taya, ƙungiya za ta ji, fasinjojin ranar kasuwa ma za su ji. Daga nan farashinsa yake gangarowa zuwa ga aikin da ya rage masa: in da sauran ƙwari, ɗebo ciyawa ko jefa koma kusa da gaɓa da mutum ɗaya ko biyu masu iya iyo, in babu, kafinta ya ɓalle shi, katakon da ya tsira a yi benci da ƙyauren shago, ragowar ya tafi wajen masu bandar kifi.